Rabin Gemun Baba

Washegarin da aka sallamo Baba daga asibiti, ya fito daga banɗaki da tawul a kafaɗa, yana ƙanshin sabulun aski. Ya tsaya a gabana ya ɗaga haɓa.

"Uwata, ya kika gani? Na dawo mutum ko?"

Kuncinsa na dama sumul, layin saje a miƙe. Na hagu kuwa gemun kwanakin asibiti yana nan cunkus, fari da baƙi, kumfa ta bushe a kansa har gindin kunne. Gashin baki ma rabi aka rage, rabi yana nan.

Na yi dariya, don na ɗauka tsokana ce. Baba ya iya irin wannan.

"Baba, ai ba ka gama ba."

"Ban gama me ba?"

"Ɗaya gefen."

Ya koma gaban madubi, ina biye da shi. Ya daɗe yana duba fuskarsa, ya shafa kuncin dama, ya juyo.

"Ke dai ki ce kina jin magana. Ina wurin da na bari?"

Kofin shayi ne a hannuna. Na ajiye shi, na kama hannun Baba na ɗora a kuncinsa na hagu. Yatsunsa suka shiga cikin gashin suka tsaya cak. Can ya janye hannunsa ya ce, "Rezar ce ta dakushe."

Tun daga wannan safiyar gabana bai daina faɗuwa ba.

Baba mai aski ne. Duk layinmu ba wanda yake kiran sa da sunansa, Rula ake ce masa, domin in ya fitar wa mutum layin goshi sai ka rantse da rula ya ja shi. Shagon ba nasa ba ne, na wani mutum ne mai sanƙo da faɗin murya wanda kowa ke kira Mai Shago. Kujeru uku ne a ciki, Baba yake riƙe da ta bakin taga tun ina goye. Tsohuwar kujera ce mai nauyi, fatarta ta tsage an ɗinke, in aka juya ta sai ta yi ƙara kamar mai gunaguni. A kan kantar gabansa komai da mazauninsa, kilifa da almakashi da mataji, kwalbar sifirit, buroshin hoda, sai askarsa mai baƙar ƙota wadda ko Mai Shago bai isa ya taɓa ba.

Da sharar gashi ya fara a shagon wani. Yakan ce shekarunsa na farko bai san fuskar kowa ba, takalma kawai ya sani. Bai yi nisa a makaranta ba, amma a bayan wannan kujerar ya tsaya har ni da Yaya muka gama namu karatun. Ranar da na kawo takardar digirina ya jingine ta jikin madubi wuni guda, duk wanda ya zauna sai ya sha labari kafin a taɓa kansa. Aiki dai ban samu ba har yau, shi ya sa jinyar ta faɗo kaina. Umma gwiwa ta hana ta zirga-zirga, Yaya kuma yana ofis sai yamma.

Taurin kai ne kawai aibin Baba, shi kuwa yana ɗaukar sa ado. Maganin hawan jini sai ya ga dama yake sha. Wanzami ba ya son jarfa, in ji Umma, mutumin da ya saba riƙe kan mutane ba ya yarda a riƙe nasa.

Ranar da abin ya faru, yana tsakiyar yi wa wani aski kilifa ta suɓuce masa, bakinsa ya karkace, ya zame jikin kujera. Mai Shago ne ya tari mota. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, amma an kawo shi da wuri. Hannun hagu ya yi nauyi na 'yan kwanaki ya saki. Ƙafa ta taka. Magana ta dawo, har da ƙari. Da aka tambaye shi ko yana gani, sai ya ce har ƙurar da ke kan fankarsu yana gani, su sa a goge. Kowa ya yi dariya, aka sallame mu muna ta hamdala.

Bayan gemun sai sauran abubuwan suka riƙa fitowa. Kafaɗarsa ta hagu ta yi baƙi saboda bugun gefen ƙofa. In aka ba shi abinci sai ya cinye rabin faranti tas, ya ture ya ce Umma ta koyi rowa. Baƙo in ya zauna ta hagunsa sai ya yi ta gaisuwa Baba yana amsa wa bango.

Mu kuwa muka yi abin da muke gani shi ne tausayi. Muka kwashe duniyar gaba ɗaya muka mayar masa dama. Rediyo, kofi, carbi, takalmi, kujerar Umma, duk dama. Ni nake juya masa faranti a ɓoye in ya kai rabi. Yaya ya kai shi shagon tabarau, mai shagon ya gwada gilashi iri-iri, a ƙarshe ya tattara kayansa ya ce wannan ba aikinsa ba ne, mu koma asibiti sashen ido.

Likitar idon mace ce siririya, mai magana a hankali. Ta zauna dab da Baba, gwiwa da gwiwa, ta ce ya kalli hancinta kada ya ɗauke ido. Ta miƙa hannu can gefe tana motsa yatsu tana matsowa da su. Ta dama, tun daga nesa ya ce, "Ga su nan." Ta hagu, yatsun suka yi ta tafiya, suka wuce kafaɗarsa, suka zo saitin kuncinsa, Baba yana zaune yana jira a fara. Sai da suka kusa hancinta ya ce, "Yauwa." Ta rufe masa ido ɗaya ta sake, ta rufe ɗayan ta sake. Duk ɗaya.

Ta ba shi takarda ta ce ya zana agogo. Ya zana da'ira mai kyau, sannan ya cusa lambobin duka a gefen dama, suna hawa kan juna kamar fasinjoji.

"Agogon zamani ne," in ji shi.

Sai ta ja dogon layi a wata takardar ta ce ya sa alama a tsakiyarsa. Baba ya yi murmushi, ya dube ni. An zo gidansa. Bai ko yi jinkiri ba ya ɗiga biro. Likitar ta ɗauko rula ta gaske ta ɗora, ta nuna masa inda tsakiyar take. Alamarsa tana can dama, nesa. Ya daɗe yana kallon takardar. Wannan karon bai ce biron ne ya dakushe ba.

Daga nan aka kai shi wani ɗaki mai duhu, ya ɗora haɓa a bakin wata na'ura kamar babban kwano, aka ba shi madanni aka ce duk inda ya ga ɗigon haske ya danna.

Da muka dawo ta yi mana bayani, shi take kallo, ba mu ba.

"Baba, idanunka lafiyarsu ƙalau. Ciwon yana ciki, a ƙwaƙwalwa, inda ake karɓar abin da ido ya kawo. Ba idon hagu ne ya mutu ba. Kowane ido ya rasa rabinsa na hagu. Sannan akwai na biyu, ƙwaƙwalwar ta daina tuna cewa akwai wani abu a hagu, shi ya sa ba ka juyawa ka nema. Na biyun yakan ragu da horo da lokaci. Na farkon kuwa, ganin yakan ɗan dawo wa wasu a watannin farko, da yawa kuma ba ya dawo musu. Ba zan yi maka alkawari ba."

"Hawa babur fa?" in ji Yaya.

"Ko kusa."

Baba ya ɗaga kafaɗa, babur ba damuwarsa ba ne. "Aska fa?"

"Wace aska?"

"Mai aski ne," na ce.

"Yanzu dai a'a. Ka yi horo, ka dawo bayan 'yan watanni mu sake aunawa, sai mu ga."

"Likita, kai nawa kika taɓa askewa?"

"Ko ɗaya. Kai ido nawa ka taɓa aunawa, Baba?"

Ya tuntsire da dariya, irin wadda rabona da jin ta tun kafin ya faɗi. A hanya ya ce yarinyar tana da kai. Bai ce ya yarda da ita ba.

Ba a jima ba Mai Shago ya zo dubiya da yamma. Ya gaisa da Baba, sannan shi da Yaya suka koma kan doguwar kujerar da ke hagu, suka rage murya. Ina jin su daga bakin kicin. Mai Shago yana cewa wani mai aski ya zo har sau biyu yana neman kujerar bakin taga, shi kuma ba zai iya barin ta a rufe har abada ba, ga shi kunnen mutane amana ne. Yaya yana cewa gaskiya ne, ai Baba ya yi mai wuyar, lokacin hutunsa ya yi, shi zai ɗauki nauyin gida.

Baba yana kallon gabansa kamar ba ya ɗakin. Sai ya juya jikinsa gaba ɗaya, da kujerar da komai, har ya same su.

"Rabin gani na rasa, ba rabin ji ba. Kun taɓa ganin an yi wa mutum aski ba ya nan?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Baba, ba haka ba ne. In ka yanki wani fa?"

"Ka taɓa jin na yanki wani?"

"A da ke nan."

"A da! To yanzu gawa ce ke yi maka magana?" Ya juya wajen Mai Shago. "Kai kuma, tare muka yi furfura a shagon nan. Ka riƙe min kujerata har a sake aunawa. In likitar ta ce a'a, ni da ƙafata zan zo in ɗauki askata, in goge kujerar in miƙa wa yaronka. Ba za ka ji bakina ba. In ta ce e, kai za ka fara zama."

Mai Shago ya shafa sanƙonsa. "Ni me za ka aske, Rula? Tunani?"

Suka yi dariya, suka tafa. Amma da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce min a hankali, "'Yata, har a sake aunawa kawai. Bayan nan ba ni da yadda zan yi."

Wadda aka tura mu wajenta don horo ma'aikaciya ce a sashen farfaɗo da masu irin wannan ciwo, gajeriya mai ƙarfin murya. Tun ranar farko Baba ya raɗa mata Saja, don ba ta da magana sai "Hagu! Duba hagu!" kamar a fareti. Ta tambaye ni yadda muka shirya gida. Na gyara zama na ba ta labarin yadda muka mayar da komai dama, har da dabarar farantin, ina jiran yabo.

"Kun kyauta," in ji ta. "Yanzu ku je ku warware. In duk abin da yake so yana dama, me zai kai shi hagu?"

Ta ce abu mai zafi da mai kaifi su zauna inda yake gani, amma rediyo da carbi da masu hira su koma hagu. Ta ba ni jan salatif in manna a gefen ƙofofi na hagu, da gefen tebur, da gefen madubi. Kafin ya fara komai sai ya nemo jan tukuna. Ta nuna masa fankar tsaye da ke juyawa a ɗakin.

"Ka ga wannan? Haka nake so kanka ya riƙa yi."

"Da girmana in zama fanka?"

"Da girmanka, Baba. Hagu!"

Umma ce ta fi kowa cin riba. Aka mayar da kujerarta hagu, ya zama dole ya waiwayo in yana so ya yi mata magana. Ta ce shekara da shekaru tana neman mutumin nan ya juyo ya kalle ta, ashe sai da izinin likita.

Tafiyar titi ce ta fi min wuya. Saja ta ce ya riƙa fita kullum da safe. Ni kuwa na maƙale a hagunsa, na riƙe hannun rigarsa, ina ta ba shi labarin abin da ke zuwa: ga rami, ga mota a ajiye, ga mai keke. Wata safiya wani mai baro ya ɓullo daga lungu, na ƙwalla ƙara na fizgo Baba har ya yi tangaɗi. Mai baron ma bai zo kusa da mu ba.

Baba ya cire hannuna daga rigarsa, yatsa bayan yatsa.

"Uwata, in kin zama idona, nawa yaushe zai koyi aiki? Koma baya."

"Baba, in wani abu ya buge ka fa?"

"Sai ki ɗauke ni. Ai kin yi digiri."

Na koma baya. Haka muka riƙa tafiya, shi a gaba yana juya kai hagu da dama kamar mai neman wanda ya ci bashinsa, ni a baya na cije leɓe har yana jini. Ya bugi turakun lantarki, ya ba wata mota haƙuri, ya taɓa gaida kwandon shara. Amma tabon kafaɗarsa ya fara washewa.

Sai ya aike ni in sayo masa balan-balan. Ya ce da shi aka koya masa aska yana yaro: a hura, a shafa kumfa, a aske kumfar ba tare da ya fashe ba. Likita ta hana shi kan mutane, in ji shi, ba ta hana shi kan iska ba. Kwana da kwanaki gidanmu kamar ana harbi. Umma tana kicin sai ka ji fau, sai ka ji salati. Kuma kullum ta gefe ɗaya yake fashewa, inda askar ta shiga wurin da ba ya gani.

Wata rana na lura an daɗe ba a yi harbi ba. Na leƙa. Yana zaune, askar tana wuri ɗaya a damansa, balan-balan ɗin yake juyawa da ɗaya hannun a hankali, yana kawo kumfar inda idonsa yake.

"Kan mutum ba bango ba ne, Uwata," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Kai zagaye yake. Kujerata kuma tana juyawa."

Ya kai wa Saja wannan magana yana washe baki. Ta saurara har ƙarshe.

"Dabara ce mai kyau. Amma kujera ce kawai ke juyawa. Kantar kayanka ba ta juyawa, ƙofar shago ba ta juyawa, yaron da zai rugo ta hagunka ba ya juyawa. Ka yi biyun, kujera da fanka."

"To ki zo ki gani da idonki, tunda naki cikakke ne."

Ta yi tunani. Ta ce za ta zo kafin a sake aunawa, kai ɗaya, da kilifa kawai, aska tana cikin aljihun tebur.

Sai neman kai. Mutanen da a da suke layi su jira Rula ko da sauran kujerun ba kowa, duk sai ga shi ba su daɗe da aski ba. Wani ya ce yana tara suma. Wani ya ce mura yake yi. Ranar da Saja ta zo, shagon ya cika da 'yan kallo, kowa da hula a kai ya danne ta sosai. Baba ya goge kujera, ya kakkaɓe ƙyalle, ya tsaya yana jira. Ba wanda ya motsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai ga Yaya da rigar ofis, ko jaka bai ajiye ba. Ya ratsa mutane ya zauna.

"In za a yanke kunne, a yanke na gida."

Baba ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya ja ya ɗan matse. "Wannan kan ni na yi masa askin farko. Tun lokacin ba ya jin magana."

Ya nemo jan salatif ɗin da na manna a gefen madubi. Ya kunna kilifa. Babban yatsansa na hagu ya lalubo kunnen Yaya ya naɗe shi ya danne, kilifar ta bi ta gefensa. In ya gama wuri sai ya tura kujerar da gwiwa, ta yi gunaguninta, wani sashen kan ya zo damansa. Tsakanin juyi da juyi yana waiwaya hagu, ya dawo. Gashi ya fara zuba a ƙyalle. Wani daga baya ya ce, "Rula ke nan!"

Sai ya miƙa hannu zai ɗauki mataji bai waiwaya ba. Gwiwar hannunsa ta kwashi kwalbar sifirit, ta faɗi ƙasa ta tarwatse. Warin ya cika shagon. Kowa ya yi tsit, kilifar ce kawai ke ƙugi. Mai Shago ya kalli Saja, Saja tana kallon Baba. Ni kuwa abin da na gani shi ne ranar da ya faɗi a daidai wurin nan, duk da ba na wurin a ranar.

Baba ya kashe kilifar. Ya juya kai a hankali zuwa hagu, ya yi ƙasa da shi, har ya sami fasassun kwalbar.

"Na gan ki," ya ce mata. Ya karɓi tsintsiya daga hannun Mai Shago ya share da kansa, ya wanke hannu, ya sake kunna kilifa.

Da ya kusa gamawa, wani ɗan tsibirin gashi ya rage a bayan kunnen Yaya na hagu. Duk shagon mun gan shi. Baba ya ɗauki buroshin hoda. Na buɗe baki, Saja ta damƙe min wuyan hannu. Sai ya ajiye buroshin, ya yi abin da yake yi wa kowane kai tun kafin a haife ni: ya ɗora tafin hannu a kunne ɗaya, ya shafa ta ƙeya har ɗaya kunnen. Hannun ya tsaya a kan tsibirin. Ya tura kujera da gwiwa, ya share shi.

Saura gaban goshi, inda aka ce aski ya fi zafi. Ya dasa ɗan yatsa a gefen goshin Yaya inda layin zai ƙare, ya waiwaya ya nemo yatsan da ido, sannan ya ja layin zuwa gare shi. Ya daɗe a kai fiye da yadda ya saba. Da ya cire ƙyallen ya kakkaɓe, Yaya ya taɓa kunnuwansa biyu, ya ce, "Suna nan." Shago ya ɗauki shewa.

Na matsa kusa na duba layin. Ya ɗan hau sama ta gefe ɗaya, da kaurin zare. Ba wanda zai lura a titi. Baban da na sani a da zai hango shi daga bakin ƙofa. Ban faɗa ba, ban kuma san ko ya sani ba.

Saja ta rataya jakarta. "Zan gaya wa likita duk abin da na gani, Baba. Har da kwalbar."

"Ki gaya mata har da kunnuwan."

"Har da su."

Mai Shago ya yafa tawul a kan kujerar bayan mun fito. Bai ce ta zama ta Baba ba, bai ce ba tasa ba ce.

Makon jiya aka sake aunawa. Lambobin agogon sun zagaye da'irar, ko da yake na hagu sun ɗan matsu. Alamar layin ta matso kusa da tsakiya, ba ta kai ba. A ɗakin na'urar ba a bar ni na shiga ba. Na tsaya jikin ƙofa ina jin ƙarar madannin, ya danna, ya danna, sai dogon shiru, sai ya sake dannawa. Da ya fito ya ce fitilun nasu ne ba su da ƙarfi.

Likitar ba ta yanke magana a ranar ba. Ta ce za ta gwada wannan sakamakon da na farko, ta zauna da Saja da likitan ƙwaƙwalwa, sannan su kira mu. Baba ya tambaye ta ko maganar aska ce ko har da kilifa. Ta ce duka biyun za su duba, kuma amsar ɗaya ba lallai ta zama amsar ɗayar ba.

Mai askin da ke neman kujerar ya sake zuwa shago, Mai Shago ya ce masa ya ƙara haƙuri kaɗan. Yaya ya daina maganar hutu, amma bai ce ya sauya ra'ayi ba. Baba yana shan maganinsa yanzu ba sai an bi shi ba, wai ba don tsoro ba, don kada a samu abin faɗa. Kullum da hantsi yakan shimfiɗa tawul a tebur, ya warware kilifarsa, ya goge haƙoranta, ya ɗiga mai, ya mayar. Na tambaye shi in suka ce a'a fa. Ya ce alkawari ya yi, zai cika, amma a bari su faɗa da bakinsu tukuna, kada in riga su.

Da safe yakan fito daga banɗaki da tawul a kafaɗa, ya tsaya a gabana ya ɗaga haɓa. Kuncin hagu nake fara dubawa. Yau ma sumul yake.

Wayata tana hannuna duk inda na shiga a gidan nan. Har yanzu ba su kira ba.